Sun kwashi manhajar wasanmu suna neman kuɗi da ita: me doka ta ba ni?

Tambaya: Barista, ina cikin masu kula da manhajar uwar garke (kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta) ta wani wasan intanet da mutane da yawa ke bugawa tare. Tushen manhajar a buɗe yake, ƙarƙashin lasisin GPL na 3, wanda ke ba kowa izinin amfani da manhaja da gyara ta da rarraba ta bisa wasu sharuɗɗa, kuma ni na rubuta jagorar da ke bayanin yadda ake kafa uwar garken da gyara ta. Yanzu wani kamfani a ƙasar waje ya kwashi manhajar, ya yi mata gyare-gyare, ya buɗe tasa uwar garken yana karɓar kuɗi daga 'yan wasa, ya ƙi fitar da gyaran, ya kuma kwafe jagorar ya cire sunana. Ina so kotu ta rufe su, sannan in sauya lasisin.

Amsa: Malam, na fahimci ɓacin ranka, kuma ba na ganin abin da mutanen nan suka yi a matsayin halin kirki. Sai dai abin da zan faɗa ya dogara ne kan bayaninka kawai, domin ban ga takardar lasisin da ke cikin ma'ajiyarku ba, kuma sakamakon zai iya sauyawa gwargwadon ƙasar da kamfanin yake.

Zan fara da inda nake ganin ka ɗauki abin ba daidai ba. Karɓar kuɗi ba saɓa wa GPL ba ne. Sashe na 4 na lasisin ya yarda mai rarraba manhajar ya sa mata farashin da ya ga dama, don haka wannan hujjar ka ajiye ta gefe. Ƙin fitar da gyaran ma, a mafi yawan lokuta, ba laifi ba ne idan a kan injinsu kawai suke gudanar da shi. Wajibcin bayar da tushen manhaja yana hawa kan mutum ne a lokacin da ya miƙa wa wani kwafinta, kuma lasisin GPL na 3, wanda aka fitar a watan Yuni na 2007, ya fayyace cewa mu'amala da mai amfani ta hanyar sadarwa, ba tare da an ba shi kwafi ba, ba ta zama miƙawa ba. Ɗan wasan da ya shiga uwar garkensu saƙonni kawai kwamfutarsa ke musaya da ita, manhajar kuwa tana nan a wurinsu ba ta motsa ba. Saboda wannan giɓin ne aka fitar da lasisin AGPL na 3 a watan Nuwamba na shekarar, wanda sashensa na 13 ya wajabta wa duk wanda ya gyara manhaja ya kuma bari ana amfani da ita ta intanet ya ba masu amfanin damar samun tushenta. Dandalin wasan dara (chess) na Lichess a kan AGPL yake. Ku kuwa, bisa abin da ka faɗa, ba shi kuka zaɓa ba, kuma da wuya wata kotu ta ɗora wa kamfanin sharaɗin da ba ya cikin takardar da kuka ba shi.

Akwai tambayar da ba ka taɓo ba, alhali a ganina ita ce ta fi muhimmanci: da me 'yan wasansu ke shiga? Idan kamfanin yana ba su wata manhaja da suke saukewa a waya ko kwamfuta, kuma an gina ta ne daga taku, to nan an miƙa kwafi, kuma sashe na 5 da na 6 sun hau kansa: ya bayar da tushenta, ya nuna cewa ya yi gyara, ya bar sanarwar haƙƙin mallaka yadda take. Haka ma idan yana sayar wa wasu kwafin uwar garken da ya gyara. Ka sauke abin da suke rabawa, ka duba shi da kyau kafin ka zargi kowa a bainar jama'a, domin zargin da ba hujja zai iya juyowa kanka a matsayin ɓata suna.

Maganar jagora ta fi ƙarfi, kodayake ita ma sai an duba inda ka wallafa ta. Idan tana cikin ma'ajiyar manhajar, mai yiwuwa GPL ɗin ya rufe ta, wato suna da izinin kwafa amma ba su da izinin goge sanarwar da ke ɗauke da sunanka, in har ka sa ta. Idan lasisin Creative Commons mai sharaɗin ambaton marubuci ne a kanta, cire sunan saɓawa ce a fili. Idan kuwa ba ka sa mata kowane lasisi ba, to asali haƙƙinta naka ne, kuma ba su da izinin kwafa tun farko. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu da manhajar kwamfuta ba tare da sai an yi rajista ba, kuma Yarjejeniyar Berne, wadda Najeriya ke cikinta, tana sa sauran ƙasashen da suka sa hannu su ba aikinka kariyar da suke ba na 'yan ƙasarsu. Amma ka duba kwantiraginka na aiki idan a lokacin ofis ka yi rubutun, don kada ya kasance mai aikinka na da ta cewa.

Sauya lasisi ba abu ne da za ka yi kai kaɗai ba. Kula da manhaja bai mai da kai mai ita ba. Kowane mutum da ya ƙara layukansa yana riƙe da haƙƙinsu, sai fa idan ya sa hannu a takardar miƙa shi. Masu manhajar Dolphin, wadda ake buga wasannin GameCube da Wii da ita a kwamfuta, sai da suka bi waɗanda suka taɓa ba da gudummawa suna neman yardarsu kafin su sauya lasisinsu a 2015. Ko da kowa ya yarda, abin da za ku fitar nan gaba kawai sauyin zai shafa, kwafin da kamfanin ya riga ya ɗauka yana nan kan tsohon izini, wanda sashe na 2 ya ce ba a janye shi muddin ana cika sharuɗɗansa. Hanya mafi sauƙi, idan abokan aikinka sun amince, ita ce sababbin sassan da za ku rubuta su fito ƙarƙashin AGPL, tunda GPL na 3 ya yarda a haɗa biyun.

Game da kotu, ba zan ba ka shawarar garzayawa ba. A Najeriya Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara, amma samun hukunci a nan daban, aiwatar da shi kan kamfanin da ba shi da ko kujera a ƙasar nan daban, kuma shigar da ƙara a can yana nufin biyan lauyan can. Masu manhajar buga dara ta Stockfish sun kai kamfanin ChessBase ƙara a birnin Munich na Jamus a 2021, a kan manhajar da aka sayar wa mutane kwafinta, wato matsayin da ya fi naka ƙarfi, amma da sulhu aka ƙare a watan Nuwamba na 2022, ba tare da sun nemi diyyar kuɗi ba. Lasisin kansa ya karkata ga gyara: sashe na 8 ya ba wanda aka sanar da shi a karon farko kwana 30 ya daidaita, izininsa ya dawo.

Saboda haka, bayan ka adana tarihin gyare-gyarenka da hotunan shafukansu masu kwanan wata kamar yadda aka saba, ku rubuta musu wasiƙa ɗaya da sunan masu aikin gaba ɗaya, cikin ladabi, ku ambaci sassan da aka saɓa, ku nemi a mayar da sunanka kan jagorar, a kuma fitar da tushen duk abin da suke rabawa. Kamfanin da ya ci gajiyar aikin sa-kai bai kamata a ce sai an tuna masa wannan ba, amma sau da yawa wasiƙar kan isa. Idan sun yi shiru, kana iya kai koken kwafar jagorar ga kamfanin da ke ɗauke da shafinsu, ko ku nemi mai shiga tsakani da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. In duk wannan bai yi ba, sai ka kai wa lauyan da ya san dokar ƙasarsu takardar lasisin da kwafin abin da ka sauke, ya duba ko ƙarar za ta biya kuɗin da za a kashe mata.