Amsa ga 'yar'uwar da ke kula da tsohuwa Bayahudiya a New York

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce tsohuwar da kike kula da ita da jikanta kullum cacar baki suke kan Isra'ila, kowa na son ki goyi bayansa, yaya za ki yi. Ni ma na sha wannan ruwan, kuma bai ƙare min da daɗi ba.

Tawa tsohuwar a Poland aka haife ta, 'yan Nazi suka ƙarar da danginta, ta shigo Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ta taɓa zama a Isra'ila ba fa, amma tana yawan faɗa min cewa tun 1950 akwai dokar da ta ba kowane Bayahude damar komawa can, don haka in aka sake korarsu akwai wurin gudu. A kicin akwai ɗan gwangwani shuɗi da take jefa canji a ciki don a aika can. 'Yarta kuwa da alfaharin yaƙin da Isra'ila ta ci a 1967 ta tashi. Jikanyar ta je tafiyar nan ta kwana 10 kyauta da shirin Birthright ke kai matasan Yahudawa Isra'ila, ta dawo da tambayoyi cike da baki, kuma a Oktoban 2023 tana cikin Yahudawan da suka cika tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York suna neman a tsagaita wuta a Gaza. Ba su kaɗai ba ne, binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 48 cikin 100 na Yahudawan Amurka da ba su kai shekara 30 ba ne kawai ke jin shaƙuwa da Isra'ila, tsofaffi kuwa kusan biyu bisa uku.

Daren idinsu na Fesak aka ta da zancen a kan tebur. Ina kwashe kwanuka ne kawai! Sai 'yar tsohuwar ta nuna ni da yatsa a gaban baƙi, wai ni ce na hure wa ɗiyarta kunne, wai ta san irinmu. Ni da ke yi wa uwarta wanka, nake juya ta cikin dare don kada bayanta ya yi gyambo. Tsohuwar tana kuka tana riƙe da hannuna, 'yar ko a jikinta. Washegari ta kira kamfanin da ya tura ni, aka rage min awanni ba tare da an ji ta bakina ba. Har yau in na tuna yatsan nan raina ɓaci yake. Allah ya isa.

Don Allah kada ki faɗi ra'ayinki a gidan, ko jikan ya lallaɓe ki. Ki ce aiki kika zo. Ni ma Gaza tana cina a rai, amma bidiyonta ki bari sai kin hau jirgin ƙasa. Duk maganar da aka yaɓa miki ki rubuta ta da kwanan wata, ki riga su kiran ofis. Kuma kada ki ɗauka duk Bayahude mai baƙar hula ɗan goyon bayan Isra'ila ne, 'yan ɗariƙar Satmar na unguwar Williamsburg ba su yarda da kafa ƙasar ba kafin zuwan Almasihunsu.

Tsohuwar dai ki riƙe ta da amana, tsoro ne ke cinta. In kina son kamfanin da na koma, ki yi min magana ta gefe.