Me ya sa kullum sai a tsibiri ake kisan?

Kin tambayi dalilin da marubutan labaran kisa ke son tara attajirai a tsibiri. 'Yar'uwa, hanyar gudu suke toshewa. Da guguwa ta hana jirgin ruwa dawowa, shi ke nan, ba 'yan sanda, ba mafita, makashin kuwa yana zaune a teburin abinci yana miƙa wa maƙwabcinsa gishiri. A And Then There Were None, littafin da marubuciyar labaran kisa Agatha Christie ta fitar a 1939, mutum 10 ne kacal a wani tsibiri a gaɓar Devon ta Ingila, kowa na zargin kowa.

Masu kuɗi kuma, rikicin gado da ɓoyayyen sirri sun yi musu katutu, kowanne na da dalilin kisa. Ni dai mai zuba shayi nake sa wa ido, ko da yake sau da yawa nakan sha ƙasa.