Amsa kan yadda ake tuƙa fiffiken da ke samar da lantarki daga iskar sama

Malam, ka tambaya ko mutum ne ke riƙe da igiyar fiffiken nan, da kuma abin da ke hana shi faɗowa. Kwamfuta ce ke tuƙin. Na daɗe ina aikin gwajin irin waɗannan na'urori, bari in nuna maka inda gizo ke saƙa.

Wanda kamfanonin SkySails na Jamus da Kitepower na Holan ke ƙerawa fiffiken yadi ne. A ƙarƙashinsa akwai ɗan akwati mai ƙananan injuna da ke jan zaren hagu ko na dama, kamar linzamin doki. Fiffiken yana keta iska a gicciye, yana zana lamba 8 a kwance don kada igiya ta murɗe. Jan da yake yi ke warware igiyar daga gangar da aka naɗe ta a kai a ƙasa, ganga ta juya janareta. In igiya ta kai iyaka, sai a kwantar da fiffiken ya rage kama iska, a naɗo shi da wuta kaɗan, a sake sakinsa. Tun 1980 Miles Loyd ya fitar da lissafin wannan ketawa.

To, zana 8 ɗin mai sauƙi ne. Wahalar tana daidai lokacin da ganga za ta daina saki ta fara naɗewa. In ta ɗan makara, igiya ta yi sako-sako, daga nan ko an ja zare fiffike ba ya ji. Na sha tsayawa kusa da ganga ina kasa kunne: igiyar da ta miƙe tana wani siririn kuka, da ya ɗauke sai ka ga kowa ya ɗaga kai sama. Sannan ga iskar da ke bugowa ba zato. In gudunta ya ninka biyu, jan ya kan kai wajen ninki huɗu, dole ganga ta saki da sauri kafin igiya ta tsinke.

Tashi da sauka kuwa, suna cikin abubuwan da suka fi wahalar da kamfanoni. Makani, wani kamfanin Amurka, sun gwada jirginsu mai kilowat 600 a tekun Norway a 2019, ya yi shawagi, amma wajen sauka ya faɗa ruwa. A 2020 Alphabet, uwar kamfanin Google da ta mallaki Makani, ta rufe kamfanin, abin da har yau yake min ciwo. Don haka duk wanda ya nuna maka bidiyo, tambaye shi sau nawa fiffikensa ya tashi ya sauka ba hannun mutum.

Makani sun saki manhajar tuƙinsu kyauta a intanet. In da gaske koyo kake so, fara da ita.