Tambaya da Amsa: Gwajin Korona Kafin Umara

Tambaya: Salam Malam, zan je Umara daga Kano, wai har yanzu sai an yi gwajin korona kafin hawa jirgi? A 2021 a gabana aka juyo da yayana da jakarsa a hannu saboda takardar gwajinsa ta wuce awa 72.

Amsa: Wa alaikis salam Hajiya, kwantar da hankalinki, Saudiyya ta soke sharaɗin gwajin korona na PCR tun watan Maris 2022. Amma fa allurar sanƙarau tana nan daram, ki yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, sannan ki riƙe katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, cikin fasfo, kar ki cusa shi a akwatin da za a auna.