Tambaya da Amsa: Katin Robar da Aka Buga Mini a Shago Jabu Ne?

Tambaya: Malam, takardar lambar NIN ɗina ta fara yagewa, sai na kai ta wani shagon kwamfuta aka mayar mini da ita katin roba. Yanzu kuma wasu samari suna bi gida-gida suna karɓar kwafin kati, wai za a raba tallafi. Shin katina jabu ne, kuma ya dace in ba su? Daga wata uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Hajiya, hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, ita kaɗai ke da hurumin fitar da katin ɗan ƙasa, kuma ta gargaɗi jama'a kan wanda ake bugawa a shaguna. Ki jingine shi, ki sake fitar da takardarki.

Amma ba robar ce ta fi tayar mini da hankali ba, lambobi 11 ɗin da ke jikinta ne. Tun da aka umarci a haɗa layukan waya da NIN a Disambar 2020, lambar ta zama mabuɗin layinki da asusunki na banki, kuma da ita ake neman fasfo da rajistar JAMB. Duk wanda ya mallake ta tare da hotonki da ranar haihuwarki ya sami kayan aikin yin sojan gona da sunanki. Idan kuwa aka yi rajistar layi da ita, aka kira wani da shi ana neman kuɗin fansa, abin da yankinmu ya sani sarai, ƙofarki jami'an tsaro za su fara ƙwanƙwasawa.

Saboda haka kada ki ba samarin nan komai sai sun faɗi hukumar da ta aiko su, kin kuma tabbatar wurin mai unguwa. Tambayar ba rashin kunya ba ce. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ba ki damar sanin wanda ke riƙe da bayananki da dalilinsa, ko da gwamnati ce, tare da kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC.

Shagon nan kuwa, ki koma gobe tare da yaro mai ilimin kwamfuta, a goge hoton takardarki a kan idonki, har wanda ya faɗa kwandon sharar na'urar.