Ko in sayi ƙwayar ƙara sirotonin?

Wani matashi ya rubuto cewa ya ga tallar ƙwayar 5-HTP a Facebook, wai tana cika ƙwaƙwalwa da sirotonin, ta kawar da fargaba, yana tambaya ko ya saya.

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Sirotonin sinadari ne da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke isar da saƙo da shi, kuma yana da hannu a barci da tsoro da iya danne zuciya, amma ba tanki ba ne da za a ce ya yi ƙasa a ƙara masa. A 2022 wani babban nazari da masana suka yi a Ingila bai sami tabbatacciyar hujja cewa ƙarancinsa ne ke haddasa ciwon damuwa ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake sayar da irin waɗannan ƙwayoyi da sunan ƙarin abinci, ba tare da tantancewar da ake yi wa magani ba, mai saye kuma bai san abin da ke cikin kwalbar ba. A 1989 gurɓatacciyar ƙwayar tiriftofan, wani ƙarin abinci makamancin 5-HTP, ta kwantar da mutane fiye da 1,500 a Amurka, wasu suka rasu. Wanda kuma ya haɗa 5-HTP da Sertraline (maganin ciwon damuwa da fargaba) ko Tramadol, sirotonin na iya yi masa yawa, sai zazzaɓi da gumi da karkarwa da ruɗewa, har a kwashe shi sai asibiti.

Wata baiwar Allah ta ce likita ya rubuta mata Sertraline, yau kwana goma, fargabar ma ƙaruwa ta yi.

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ki kwantar da hankalinki. Hakan kan faru a farkon shansa, kuma yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa sosai. Kada ki daina shi kwatsam. Ki gaya wa likitanki halin da kike ciki, idan kuwa tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki tafi asibiti a ranar.

Wani magidanci mai saurin fushi yana neman inda zai biya a auna sirotonin ɗin jininsa.

Malam, ɓarnar kuɗi ce. Kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin a hanji yake, na jini kuma ba ya ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa. Binciken da ya danganta shi da aikata abu cikin gaggawa a ruwan laka aka yi shi. Kai kuɗin wurin likitan halayyar ɗan Adam.