Amsa ga ɗiyata kan ofishin shawara a makaranta

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Saƙonki ya iso. Kin ce shugabar makarantarku ta ɗora miki buɗe sashen shawara da jagoranci, amma wasu iyaye da malamai na cewa ba al'adarmu ba ce yarinya ta kwashi zancen gida ta kai wa bare. Kina tambaya ko suna da gaskiya.

Tsoronsu tonon asiri, kuma tsoro ne mai dalili. Amma dubi yadda gidajenmu suke. Kunya ba ta barin ɗiya, balle ta fari, ta zauna gaban uwarta ta ce ga abin da ke damunta. Shi ya sa aka bar mata ƙofa wajen kaka da take wasa da ita, ko goggo, ko uwar ɗaki. Su take faɗa wa, su kuma su san ta inda za su ɓullo wa uba ba tare da an muzanta kowa ba. A nan Sakkwato, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru, kowace tawaga da jajinta, dattijuwa amintacciya da ke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa karatu. Gurbin goggo malamar shawara take cikewa a makaranta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta shigar da aikin cikin tsarin makarantu, amma idan za ki yi wa iyaye bayani a taronsu, ki fara da goggo kafin takardar gwamnati.

Abu na farko, kada aikin ya haɗu da horo. Malamar da ke riƙe bulala da safe, ba yarinyar da za ta buɗe mata ciki da rana. Ɗakin ma kada ya kasance jikin ofishin shugaba ko ɗakin malamai, domin duk wadda aka gani ta shiga za a ce ta yi laifi. Ki nemi wani kusa da ɗakin karatu, inda kowa ke wucewa. Kujeru biyu, ba tebur a tsakani, da kabad mai makulli wanda mabuɗinsa ke hannunki ke kaɗai. Ki rataye akwati mai kwaɗo a waje don masu jin nauyin magana su jefa takarda. Sannan ki tsaya kai da fata a rage miki darussa. Wannan shi ke kashe sashen a wurare da yawa: a bar wa malama cikakken jadawali, yarinya ta zo sau biyu ta tarar da ƙofa rufe, ba za ta sake dawowa ba. Zama ɗaya minti 20 zuwa 30 ya isa.

Ke kaɗai ba za ki ga ɗaruruwan ɗalibai ba, malaman aji su ne idanunki. Ki nemi kwana biyu ko uku kafin a koma hutu. Kada ki cika su da lacca. Ki haɗa su biyu-biyu, ɗaya ta zama ɗaliba, ɗaya ta saurara minti 5 ba katsewa, ba wa'azi. Za ki ga da wuya malami ya kai minti ɗaya bai ce "ai laifinki ne" ba, kuma abin da ake son gyarawa ke nan. Ki koya musu alamu: fashin kwana uku a jere, barci a aji kullum, maki ya faɗi farat ɗaya, mai surutu ta koma shiru, ko wadda ba ta zuwa duk ranar kasuwa saboda talla. Malami ya rubuta suna da aji kawai ya miƙo miki. Wanda ya kai zancen ɗaliba hira a ɗakin malamai ya rushe aikin zango guda, ki faɗa musu haka ƙiri-ƙiri. Ki jawo malamin addini cikin horon, da uwa ɗaya daga kwamitin iyaye.

Sirri yana da iyaka, kuma tun zaman farko za ki gaya wa yarinya: idan rai na cikin haɗari, ko ana cin zarafinta, dole ki sanar da shugaba. Shaye-shayen kodin ko tiramadol da ya yi nisa, ko mai zancen kashe kanta, ya wuce ofishinki. Da sanin iyaye a kai ta asibiti, akwai na ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware.

In zancen aure ya taso ana dab da jarrabawa, kada ki aika wa uba takardar kira, zai ɗauka ƙararsa aka kai. Ki bi ta uwa ko kaka, in ya ci tura ta liman ko mai unguwa. Abin da za ki roƙa a ɗaga rana zuwa bayan jarrabawa, ko a yi alkawarin ci gaba da karatu a ɗakin miji.

Ki fara da abin da ba mai gardama a kansa, wato zaɓen fanni a aji uku na ƙaramar sakandare. Yara da yawa na shiga kimiyya don ƙawa ta shiga. Ki ajiye makin zango uku a gabanta ku duba tare. Mai son likitanci ta san a JAMB za ta rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, mai son lauya kada ta yar da Adabin Turanci, kuma mai son jami'a na buƙatar kiredit biyar har da Turanci a WAEC ko NECO, 'yan kimiyya har da Lissafi. Ki gayyato ma'aikaciyar jinya ko malama daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, 'yar gari mai lulluɓi irin na iyayensu, ta yi musu bayanin hanyar da ta bi. Ranar ki aika wa iyaye mata su ma su zo su ji.